Naman da Ba a Ci: Sunayen da Muka Tsinta a Hanyar Yankari

Daga waya maganar ta taso. Babbar 'yata ce ta ga bidiyon wasu iyali da suka je hutu Zanzibar, ga birai masu jan gashi suna tsalle a dajin Jozani, ga manyan kunkuru da yaro zai iya hawa, ga kasuwar kanumfari da kirfa. Ta kawo mini wayar har kan tabarma, ta ce, "Baba, mu ma a kai mu tsibiri wannan hutun." Na yi lissafin kuɗin jirgin mutum shida a zuci, na yi shiru. Uwarsu ce ta fitar da ni kunya. Ta ce ga Yankari nan a bayan gida, mutane na tasowa daga Legas da Turai su zo, mu da muke cikin Bauchi ba mu taɓa kai yaran ba. Mahaifiyata tana gefe tana jan carbi, ta ɗago kai ta ce, "Daji? Yanzu daji ma yawo ake zuwa?" Da ta ga an riga an yanke shawara sai ta ce to, Allah ya kiyaye hanya, amma a kawo mata tsaraba.

Ni dai sana'ata koyar da harshe ce, kuma mai irin wannan sana'a ba ya iya tafiya kamar sauran mutane. Kowa na kallon dabba, shi yana kallon sunanta. Tun kafin mu tayar da mota tambayar Hajiya ta riga ta maƙale mini, domin gaskiyarta ce. A Hausar da ta tashi da ita kowace tafiya tana da dalili, kuma dalilin ne sunanta: fatauci, ci-rani, ziyara, zumunci, almajiranci, aikin hajji, ƙaura. Tafiyar da mutum zai kashe kuɗi don kawai ya kalli abu ya dawo ba ta da suna, sai da gidajen rediyo da jaridu suka ƙera mata "yawon buɗe ido". Kuma duba kayan da aka yi ƙirar da su. "Yawo" kalma ce da iyaye ba sa so a jingina wa ɗansu, balle 'yarsu. Akwai yawon banza, akwai yawon duniya. "Buɗewar ido" ita ma kaifi biyu gare ta, don idan aka ce yaro idonsa ya buɗe, ba kullum yabo ake nufi ba. An haɗa kalmomi biyu masu ɗan tabo aka samu suna mai mutunci, har gwamnati na buɗe masa ma'aikata.

Turawa kuma "safari" suke cewa, kalmar da suka aro daga Sawahili, Sawahili kuma ta ɗauko daga "safar" na Larabci, wato tafiya. Mu ma mun ari wannan kalmar tun tuni, ita ce "safara". Sai dai tamu ta bi hanyar kasuwa: safarar goro, safarar shanu, yau kuma a labarai an fi jin ta tare da miyagun ƙwayoyi da makamai. Uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya ta tafi kallon zaki da kyamara, ɗaya tana hannun jami'an kwastan.

"Tsibiri" da 'yata ta nema kalma ce tamu ta gado, duk da nisanmu da teku, domin koguna ma suna yin tsibiri, kuma har sunan gari ce: Tsibirin Gobir kusa da Maraɗi, inda Gobirawa suka kafa sabuwar fada bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne taken da ke jikin lambar motarmu, wanda ke kiran Jihar Bauchi lu'ulu'un yawon buɗe ido. Lu'ulu'un da ake nufi a cikin kawar teku ake samun sa. Na ce wa yarinyar ta kwantar da hankalinta, ga rabonmu na teku nan a manne a bayan mota.

Da muka hau titin Gombe na tambayi yaran ma'anar sunan garinsu. Na tsakiyan ya ce an koya musu a makaranta: wani maharbi ne mai suna Baushe ya nuna wa Malam Yakubu wurin da zai kafa gari, shi kuma ya saka wa garin sunansa don godiya. Wannan shi ne labarin da ke bakin mutanen gari, kuma yana da daɗin ji. Yakubu ɗan Dadi, mutumin Gerawa, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya karɓo tuta daga hannunsa, ya kafa garin a 1809. Baushe kuma sunan bishiya ce da ta cika dazuzzukan wannan yanki. Amma akwai wani bayanin da ba a cika faɗa wa yara ba: tun kafin jihadi Hausawan arewa suna kiran ƙasashen duwatsu da ke kudu da su "Bauchi", inda ake zuwa kamun bayi, kuma masana da dama suna danganta kalmar da "bauta". Matafiyan Turai da suka iso garin a ƙarni na 19, Eduard Vogel a 1855 da Gerhard Rohlfs a 1867, da Yakoba suka san shi, wato garin Yakubu. Ba ni da hurumin raba wannan gardama. Abin da na lura kawai shi ne, a cikin labaran biyu wanda gari ya zaɓa ya riƙe shi ne na maharbin, kuma ga mu nan za mu wurin da aka hana jikokin maharbin harbi.

Bayan gadar Dindima muka karya kwana zuwa Mainamaji, inda ƙofar shiga take. A nan ne kalma ta biyu ta tare ni: "gandun daji". Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san gandu. Babbar gonar gida ce, wadda uba da 'ya'yansa da ƙannensa ke nomawa tare, abin da aka girbe ya shiga rumbu ɗaya. Ɗan abin da mutum ya noma don kansa shi ne gayauna. Akwai gandun sarki, akwai sarkin gandu. Gandu wuri ne da fartanya ba ta hutawa. Daji kuwa kishiyar gona ne, inda ba mai shi sai Allah sai iskoki. To da Turawan mulki suka zo da tsarin keɓe daji a hana sara da farauta da kiwo, sai aka rasa sunan da za a ba shi, aka ɗauko na gonar da kowa ya san tana da mai ita aka liƙa masa. Ma'anar a fili take: wannan dajin na hukuma ne, kamar yadda gandu yake na sarki, ka taɓa ka sha dukan doka. Da an so da an ce "hurumi", wadda ta fi kusa da manufar, don ita dama fili ce da aka haramta taɓawa. Amma "gandu" ta fi tsoratarwa, kuma ita ta zauna.

Takardun Yankari ma sun nuna yadda aka yi ta sauya masa riga. A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta amince a keɓe shi, a 1957 ya zama gandun daji a ƙarƙashin En'e ta Bauchi, aka buɗe wa 'yan kallo ranar 1 ga Disamba, 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta sa shi cikin gandayen ƙasa, a 2006 kuma ya dawo hannun jiha. A Turanci kowane sauyi da sabon suna yake zuwa, a sake allo, a sake kan takarda. A Hausa tun daga farko har yau gandun daji ne, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri.

Kalmar da ta fi cin raina a wannan tafiya ita ce wadda muke furtawa ba tare da tunani ba: "namun daji". Nama dai nama ne, abin da ake sa wa a miya. Bahaushe ya dubi duk abin da ke gudu a dawa da ƙafa huɗu ya kira shi da sunan abin da zai zama idan kibiya ta same shi. Muna da "dabba", wadda muka aro daga Larabci, muna da "bisa" da "bisashe" na gida, amma na daji nama ne tun yana numfashi. Har zaki da kura, da ba mai sa su a tukunya, sun shiga lissafin. Ba mu kaɗai ba ne a wannan. A Sawahili "nyama" nama ne, "mnyama" dabba, kuma kalmar Turancin da ke jikin allon ƙofar Yankari ita ma ta mafarauta ce, tana nufin abin da ake harbi. Sai ga shi yau muna cewa "kare namun daji", "masu gadin namun daji". Auta, ɗan shekara shida, ya ji ana ta maimaita kalmar a mota, ya tambayi uwarsa ko a can za a soya mana.

Washegari da sassafe muka hau buɗaɗɗiyar motar zagaya, tare da wani ma'aikacin gandun, dattijo ɗan yankin, wanda idonsa ke ganin abin da namu ba ya gani. Lokacin rani ne, ciyawa ta bushe, dabbobi sun gangaro kogin Gaji neman ruwa. Ya ɗaga hannu direba ya tsaya. "Ga gwambaza can," in ji shi. Yaran suka juya suna neman abin da ake kira haka. Can kuma, "Kanki ne waɗancan, masu dogon fuska. Na ƙarƙashin bishiyar nan mazo ne, mai zane a jiki." Babbar 'yata, wadda ta san sunan biran Zanzibar da Turanci, ta san dabbobin Madagaska masu zoben wutsiya, ba ta taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, na san kalmomin ne a takarda, ban taɓa haɗa su da fuska ba. Na sha jin kirarin "gwanki sha bara", na sha faɗa wa ɗalibai cewa ana yi wa jarumin da ake hari ba a samu. Ranar na fara ganin gwankin, mai tsayi kamar doki, ƙahonsa ya lanƙwasa baya, fuskarsa baƙi da fari, ya tsaya ya dube mu kallon raini sannan ya juya.

A nan na gane sunayen namun dajinmu gida biyu ne. Akwai waɗanda ke da suna nasu na kansu, guda ɗaya tak da ba ya jingina da komai: giwa, zaki, kura, ɓauna, dorina, damisa, gwanki, kanki, mazo, gada, barewa, dila. Waɗannan an zauna da su, an yi tsoronsu, an ci su, an sa su a karin magana da tatsuniya. Dorina misali ce mai kyau. Girkawa sun kira ta dokin kogi, Turawa suka gaji sunan, Larabawa ma haka suke ce mata, duk suna kwatance ne da abin da suka sani a gida. Bahaushe bai buƙaci kwatance ba, ya san ta har fatarta, shi ya sa bulalar da ake yi da fatar ma dorina ce, kuma duk wanda ya yi makarantar allo ko ya gamu da dogari bai manta ba.

Gida na biyu su ne na aro daga garke: raƙumin dawa, jakin dawa. An ɗauko dabbar gida an ƙara mata "dawa". Jakin dawa ba shi da asali a ƙasar Hausa ko kaɗan, dabbar gabashi da kudancin Afirka ce, sunan kwatance ne aka yi wa baƙo. Raƙumin dawa kuwa namu ne, ya taɓa yawo daga Senegal har Tafkin Chadi, amma ya ƙare a Yankari kamar yadda kyarkeci ya ƙare. Irin na Afirka ta Yamma da suka rage suna yankin Kure kusa da Yamai, inda a 1996 ba su kai 50 ba, kafin kariya ta sa su haura 600. Wanda ke son ganin raƙumin dawa a Jihar Bauchi yau sai ya nufi Sumu a Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, inda aka sauke dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu. Raƙumin dawan can baƙo ne da ya tarar da suna yana jiran sa, jakin dawan kuma ya tarar da sunan da aka yi masa tun ba a gan shi ba.

Akwai wanda ya faɗo tsakani, kuma shi ne ya fara tarbar mu a sansanin Wikki, yana kiwo a durƙushe kan gwiwoyinsa kamar mai neman gafara: gadu. Wannan ne sunansa na asali. Amma an fi kiran sa mugun dawa, kuma ban ga muguntar da ya fi kura ba, illa dai kamarsa da alade, sai Musulunci ya sa aka nisanta shi har a baki. Dabbar da ba ma so sunaye take tarawa, kamar ana jifan ta da su: alade daga Yarabanci, alhanzir daga Larabci, ga gursunu. Na gaya wa 'yata cewa biran nan nata na Zanzibar ma ba su tsira ba, mutanen tsibirin "kima punju" suke ce musu, birin guba, saboda warinsu da zargin suna kashe bishiyar da suka ci. Wanda ke zaune da dabba da wanda ya zo kallon ta ba suna ɗaya suke ba ta ba.

Haka abin yake da giwa. A fada giwa kirari ce, toron giwa sai babban sarki, kamar yadda ake zubewa a ce "Zaki!" Kulob ɗin ƙwallonmu na Wikki Tourists ma da giwa yake taƙama. Giwayen Yankari suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya, kuma tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS take aiki da gwamnatin jiha wajen sintirin kare su daga masu neman haure. Amma manomin da ke bakin iyakar gandun, wanda garke zai shiga gonarsa a dare ɗaya ya tashi da noman shekara, idan ya ce "giwa" ba kirari yake yi ba. Mu dai kashinta muka gani, sabo yana tururi, da rassan da ta karya. Jagoranmu ya ce, "Giwan nan bai yi nisa ba." Uwarsu, Bakanuwa, ta taɓa ni tana murmushi, don har yau ba ta saba da yadda Bausanci ke mayar da mace namiji ba.

Ya kuma nuna mana burtu, baƙin tsuntsun nan mai jan maƙogwaro da ke tafiya a ƙasa kamar limami. Ya ce kakansa yana da kan burtu na itace da yake ɗaurawa a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane ya sunkuya yana kwaikwayon tafiyarsa har ya kusanci nama. Shi jikan albashinsa na hana wannan ne. Amma sunayen da yake kira mana, da sawun da yake karantawa a ƙasa, duk daga wancan kakan ya gaje su.

Da rana muka gangara ruwan Wikki, wanda ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau kamar gilashi, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, lita miliyan 21 a kullum tana gangarawa Gaji. Sunan ba Hausa ba ne. Masu jagora suna cewa daga harshen Duguri yake, ma'anarsa "ina kake?" Na daɗe ina juya wannan a raina ina cikin ruwan. Sunayen wuraren gandun da yawa haka suke, Dimil, Gwana, Mawulgo, ba sa buɗuwa da makullin Hausa, domin mutanen da suka raɗa su da wasu harsuna suke magana. Cikin gandun akwai rijiyoyin Dukkey guda 139 da ke haɗe ta ƙarƙashin ƙasa, akwai tsofaffin wuraren narkar da ƙarfe a Shaushau, akwai koguna 59 da aka fafe a jikin dutse. Waɗannan kogunan kuma sunan wa suke ɗauke da shi? Marshall, Bature mai bincike da ya ba da labarinsu a 1980. Waɗanda suka fafe dutsen da hannunsu, suka ɓuya a ciki, ba a kira wurin da sunansu ba. Wannan ya ɗan sosa mini rai, musamman da na tuna wancan bayani na biyu game da sunan Bauchi. Wurin da muke kira daji ashe kufai ne.

Ina cikin wannan tunani ihun Auta ya katse ni. Wani ƙaton gwaggon biri ne ya sauko ya fizge ledar masar da uwarsu ta ajiye a kan dakali, ya hau bishiya ya zauna yana ci ɗaya bayan ɗaya yana kallon mu. Jagoran ya ce "bika" suke ce masa. Uwarsu ta ce ko ma mene ne sunansa ya cinye mata waina. Na ce sunanta masa dai, a Bauchi muke. Wannan gardamar tun ranar aurenmu ake yin ta, kuma birin bai bar shaidar da za a yanke hukunci da ita ba.

A hanyar dawowa na biya da su kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa kusa da Ƙofar Ran, don kada a ce daji kawai suka gani. Shi ma sunan garinsu yake ɗauke da shi, kuma ana cewa Fulatanci ne aka Hausantar, baƙin dutse. Garin kuwa na Sayawa ne da yawa, waɗanda su Zaar suke kiran kansu. Makarantar da ya yi a Katsina ita ce daga baya ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Na tambayi yaran ko sun san barewa. Babbar ta ce ta san ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ce kamanninta fa? Ta ce za ta duba a waya. Amma na ga ta cika shafi biyu na littafinta da gwambaza da kanki da mazo da bika, kowanne da ɗan zanensa a gefe, gwankin ya fi kama da akuya.

Mun iso gida bayan magariba. Hajiya na zaune inda muka bar ta. Auta ya ruga ya faɗa jikinta yana ba ta labari ba numfashi, "Hajiya, mun ga namun daji, da yawa, manya-manya!" Ta riƙe fuskarsa da hannu biyu, ta leƙa bayansa ta ga ba kowa da ƙunshi, sannan ta dube ni.

"Duk naman nan," in ji ta, "ko tsoka ɗaya ba ku kawo mini ba?"